Kawu Labbo da Gulmatu

Duk wanda ya san Kawu Labbo ya san gorar ruwan omo da ke leƙowa daga aljihunsa, da gashin kaza ɗaya soke a hula. In ya ga inda tiyo ya haɗu da ƙarfe, shi ke nan, kun rasa shi. Sai ya durƙusa, ya tsoma gashin, ya shafa, ya zuba ido yana jiran kumfa. Ranar bikina a Amarawa ana ta nemansa a ɗauki hoto, ashe yana can cikin mata masu girki, ya rungume tukunyar gas.

Innata ta ce, "Yaya, don Allah mi kake yi nan?"

"Tukunyar ga yoyo takai. Shinkahwa kuka so ku ba baƙi ko gobara?"

Aka duba, wallahi kumfa kamar ana wanki!

Wan mahaifiyata ne. Ya yi shekaru a wani kamfani can arewacin Nijar yana aikin bututun iska, ya dawo da furfura da Faransanci kalma uku. Ni kuwa nas ce a wani ƙaramin asibiti nan Illela. Da aka kawo mana injin haɗa iskar oksijin, da ƙaramar na'urar da ke auna kyan iskar kafin ta isa ga marasa lafiya, shi aka ɗauka ya kula da su. Na'urar ya raɗa wa suna Gulmatu, wai ba ta iya ganin abu ta yi shiru.

Injiniyan da ya zo daga Sakkwato ya ce awa guda ta isa a haɗa ta. Kawu kwana uku ya yi. Ya hure bututu, ya shafe kowace gaɓa da omo, ya bar na'urar ta ɗumama. Sannan ya shaƙa mata iskar da babu oksijin ko kaɗan, ya ga ta faɗi gaskiya, ya shaƙa mata wadda aka san awonta, ya ga ba ta ƙara gishiri ba.

Injiniya ya gaji. "Baba, littafi fa ya ce awa guda."

"Littahi ya taɓa zama Illela da bazara? Yaro, ba a sa mutum shaida sai an tabbata idonai na gani."

Kun kuma tuna Alhajin da ya saya mana injin? Wata Lahadi ya biyo daga kasuwa da baƙinsa, ya ci tsire, hannu yana ƙyalli, ya miƙa zai murɗa kan bututu ya nuna musu. Sai muka ji, "Atansiyon!" Kawu ya kaɗe hannun, tas! Kowa ya sandare.

"Alhaji, mai da iskar ga ba su ga maciji. Ga omo, ga buta."

"Labbo, ni hwa na sawo injin nan!"

"Shi ya sa ba ni son ya tashi da kai. Wa za ya sawo muna wani?"

Alhaji ya nannaɗe hannun babbar riga, ya wanke har gwiwar hannu, baƙi suna ƙunshe dariya.

Amma ranar da ba zan manta ba ita ce wadda Gulmatu ta kama kuwwa da hantsi, ta ƙi yin shiru. Kawu ya saita ta ne in kyan iskar ya sauka ƙasa da casa'in cikin ɗari ta yi ƙara. Manajanmu na lokacin kansa ya ɗauki zafi, ya ce ƙarar ta hana kowa sukuni, a sauke mata iyakar kawai ta huta.

Kawu ya zare makullin akwatin na'urar, ya jefa cikin hula, ya mayar da hular kansa.

"In mai gadi ya ce ɓarawo, ba mai gadi aka ɗaurewa ba."

"Sai in sallame ka!"

"Sallame ni bayan azahar. Yanzu ina da aiki." Ya juyo gare ni. "Ɗiyata, maza ki mai da mutanenki kan tukwanen oksijin."

Na ruga. Akwai wata tsohuwa daga Araba da leɓɓanta suka fara duhu, ga tiyo a hanci, amma iskar ta zama lami. Na sauya mata, na tsaya a kanta ina karanta duk abin da ya zo bakina, har launinta ya dawo. Ashe ruwa ne ya shiga injin. Da tsohuwar ta warke ta aiko wa Kawu ƙwan zabi cike da ƙwarya. Ya kai ya ajiye gaban na'urar.

"Nata na, ita ta yi kuwwa."

Washegari na same shi yana ɓare dafaffe. Ya ce, "To, ba ta da haƙora. Wakilci nikai."

Bara ciwon ƙirji ya kwantar da shi a ɗakinmu na maza. Ni na sa masa tiyo a hanci da hannuna. Yana numfashi da ƙyar, amma idonsa na kan ɗan ƙwallon da ke nuna yawan iskar da yake sha.

"Rage, ɗiyata."

"Kawu, likita ya rubuta."

"Na jiya ana kukan jinjiri ɗakin can. Ni shekara saba'in ina shan iskar Allah kyauta. Bar mishi, shi yanzu ya hwara."

Na ce akwai isasshiya, ta wadaci kowa. Ya harare ni, irin hararar da yake wa tiyo. Na taɓa makunnin kamar na rage, ban rage ba. Ya lumshe ido ya ce, "Maƙaryaciya," yana murmushi. Bayan kwana biyu, da la'asar, ya cika.

Allah, bawanka Labbo ya tsare numfashin bayinka iyakar ƙarfinsa. Ka yalwata masa makwanci, Ka sanyaya shi da iskar Aljanna, Ka yafe masa, mu ma Ka yafe mana. Amin.