Babbar Rigar Baba a Titin Lokuwa

Har yau in wani ya shigo ofishinmu ya fara yabon Baba, wai ba a taɓa yin mai saurin kai ɗauki kamarsa ba, sai in ji raina ya ɓaci. Ba ƙarya yake yi ba. Amma ni na ga ranar da wannan saurin ya ci rai.

Baba dillalin inshora ne. Daga duwatsun Michika ya sauko Mubi yana saurayi, ya kama ɗan ɗaki kusa da kasuwa da tebur ɗaya, a zamanin da in ka ce wa mai mota inshora sai ya ce fatan hatsari kake masa. Ya sha zagi kam. Da haƙuri ya jawo masu motocin shanu da na hatsi, har ofishin ya zama na gida: ƙaninsa na ciki, ni ma da na gama karatu ya ajiye mini kujera. Ga shi a kwamitin zaman lafiya na unguwa, ga shi cikin masu ba da jini a asibiti. Mama takan ce mijin gari ne, ita aronsa ake ba ta.

Yana da ƙa'ida guda. Duk motar da ke hannunsa in ta yi hatsari, ba ya aike, da ƙafarsa yake zuwa. Kuma kowane direba ya haddace maganarsa: “Kada ka gudu. Mai gudu shi ake wa kallon mai laifi. Zauna cikin motarka, ina zuwa.” Shekara da shekaru hakan na aiki, don in Baba ya iso da babbar rigarsa, ko mai zuciya yakan sassauta.

Wata rana da zafi, bayan azahar, wayarsa ta yi ƙara. Wani direba ne ɗan Sorau mai ɗauko masara, mutum shiru-shiru, wanda duk zuwansa sai ya kawo mana ƙullin gyaɗa. Ina jin muryarsa daga inda nake zaune.

“Baba, burki ya ƙi. Na buge keke a Lokuwa. Mutane suna taruwa.”

“Kada ka gudu,” in ji Baba. “Ina zuwa.”

Ni na tuƙa shi. Muka tarar da keken a murƙushe gefen kwalbati, mai keken kuma kwance a kan kwalta mai zafi, jini na zuba daga cinyarsa. Wandonsa ya yage gaba ɗaya. Mutum tsirara a sume, ga samari sun kewaye shi da wayoyi suna ɗaukar hoto. Tir! Direban yana cikin motarsa, ya riƙe sitiyari da hannu biyu.

Baba ya durƙusa ya taɓa wuyan mai keken. “Yana numfashi,” ya ce, a hankali, ni kaɗai na ji. Sai ya ɗago ya ga wayoyin nan. “Ba ku da kunya ne? In ɗan'uwanku ne fa?” Ya tuɓe babbar rigarsa ya shimfiɗa masa. To, Baba ƙato ne, mai keken kuwa siriri. Rigar ta haɗiye shi daga kai har ƙafa.

A garinmu, Musulmi da Kirista, ba a rufe mutum fuska da ƙafa sai gawa. Baba ya san haka fiye da kowa, amma haushin wayoyin ya mantar da shi. Na baya ba su ga komai ba sai riga a shimfiɗe. Wata mata ta ɗora hannu a kai ta kurma ihu: “Wayyo, an rufe shi!”

Shi ke nan. Dutse na farko ya fasa gilashin motar masarar. Mutane suka hau ta kamar tururuwa, suka jawo direban ta taga, kansa ya fara isa ƙasa. Na ji ƙarar. Har yanzu in aka yar da kabewa a kasuwa sai in toshe kunne. Gora, katako, guntun bulo, kowa da abin da hannunsa ya samu. Na ga wani mai sayar da rake, wanda nake ciniki wurinsa, yana dukan mutum da sandar raken.

Baba ya kutsa da singileti, ya faɗa kan direban ya rufe shi da jikinsa. “Mai keken bai mutu ba! Bai mutu ba!” Ya faɗa da Hausa, ya faɗa da Fulatanci, ya faɗa da yarenmu. Wa ke ji? Ba riga a jikinsa, rabinsu ma ba su gane shi ba. Katako ya sauka a hannunsa, na ga hannun ya lanƙwashe inda ba gaɓa. Wani ya gangaro da taya, wani na ihun a kawo fetur.

Ni dai ban san lokacin da na koma wurin mai keken ba. Na fizge rigar daga fuskarsa, na tallafo kansa sama, ina ihu kamar mahaukaciya: “Ku duba, 'yan banza! Ku duba idonsa!” Allah ya sa ya yi nishi, ya motsa ƙafa. Na kusa suka gani, suka gaya wa na gaba. Mai kwalbar fetur ya zo wucewa ta gabana, na sharara masa mari, kuma wallahi ban taɓa nadama ba. Nan da nan titi ya fara yoyewa, kowa ya yar da abin hannunsa ya sulale kamar ba shi ba.

Na je wurin Baba. Yana zaune a ƙasa, kan direban a cinyarsa. Fuskar ba ta ganuwa. Bakin ne kawai ke motsi, sai da Baba ya sunkuya.

“Baba,” in ji shi, “ban gudu ba.”

Daga nan rai ya yi halinsa. Baba ya kai hannunsa mai lafiya kafaɗa don ya jawo riga ya rufe shi, ya ji babu. Tana can kan mai rai. Na cire gyalena na shimfiɗa, bai kai ƙafafunsa ba.

Mai keken ya warke, yana ɗingishi, har yau yana aikinsa. Baba, da hannu a ɗaure, shi ya raka gawar direban zuwa Sorau, ya tsaya gaban matar mamacin ya gaya mata komai da bakinsa. Ya ci gaba da zuwa kwamitin zaman lafiya, amma bai sake sa babbar riga ba.

Yanzu ofishin a hannuna yake, Baba yakan zo ya zauna a kujerar gefe yana shan shayi. Kwanaki wani direbanmu ya kira, ya ce ya buge babur wajen Lamorde.

“Bar motar,” na ce masa. “Gudu. Kada ka tsaya sai ofishin 'yan sanda.”

Baba yana jina. Ya ajiye kofin, ya daɗe yana kallon hannunsa. Bai gyara mini ba.