Anti Dakata Ta Miƙa Makulli

Kafin kowa ya iso ɗakin karatu na unguwarmu, ita ta riga ta shiga. Sai ta yaye zanen da take rufe kwamfutoci da shi, ta goge allo ɗaya bayan ɗaya, sannan ta duba ko jiya wani ya tafi ya bar akwatin imel ɗinsa a buɗe. Ba a rasawa. Takan rufe masa ba tare da ta leƙa ba, in ya dawo ta wanke shi tas: “Kai, a gidanku ma haka kake barin ƙofa hangame ka tafi kasuwa?”

Ɗalibai ne suka sa mata Anti Dakata, kuma ba don ƙauna ba. Mutum na shirin danna shuɗin rubutu a cikin saƙo, sai ya ji murya a ƙeyarsa: “Dakata. Ɗora linzamin kwamfutar a kai tukuna. Duba ƙasan allo, ina zai kai ka?” Telan bakin titi har yau ba ya gaishe ta, don ta hana shi buɗe takardar da aka maƙala wa wani saƙo mai cewa ya ci kwangilar ɗinki. Wai ita ta tare masa arziki.

Ga abin da na gani da idona. ’Yata ta fari, mai koyon aikin jinya, ta daina cin abinci, ta daina fita. Ashe saƙo aka aiko mata, wai an ɗauki hotunanta ta kwamfuta tana canza kaya, za a tura wa dangi in ba ta biya ba. Har tsohuwar kalmar sirrinta suka rubuta. Tsoro ya sa ta nuna wa gwaggonta, ƙanwata. Kafin la’asar dangi duk sun ji.

“Yaya, ruwa ba ya tsami banza,” in ji gwaggon. “In ba ta yi komai ba, ina suka samu kalmar sirrinta?”

Kawunta ya ce a cire ta daga makaranta kafin abin ya fi haka. Ni kuwa sai na kama hannun yarinyar muka tafi ɗakin karatu.

“Baba, ja kujerarka baya, ba kai aka aiko wa ba,” Anti Dakata ta ce da ni. Ta zaunar da yarinyar a gefenta, suka buɗe saƙon a babbar kwamfuta, suka karanta tare ba tare da sun danna komai a cikinsa ba.

“To, ina hoton?” ta tambaye ta. “Surutu ya cika shafi, hoto ko ɗaya babu.”

Sai ta buɗe akwatin imel na ɗakin karatun kansa, wurin da ake zuba saƙonnin banza. Ga saƙon nan, kalma da kalma.

“Kin gani, ɗiyata? Ɗakin karatu ma an gan shi yana canza kaya.”

Yarinyar ta yi dariya, dariyar ta koma kuka. Anti ta bar ta ta gama, sannan ta bayyana mata cewa kalmar sirrin daga wani tsohon shafi aka sace ta tare da na dubban mutane. Ta sa ta canza sabuwa, ta ce kar ta kuskura ta ba su amsa.

Aikinta a nan ya ƙare, amma da ta tashi aiki sai ga ta a gidanmu. Ta zauna a tabarma gaban gwaggo da kawu ta maimaita bayanin, suna mata kallon hadarin kaji. Kawu ya janye maganar makaranta. Gwaggo ta taɓe baki ta ce, “To, Allah ya sa haka ne.” Har yanzu akwai matan da ke rage murya in ’yata ta wuce. Ƙarya ta zagaye dangi da ƙafarta, gaskiya kuwa sai da aka ɗauko ta a ka, kuma ba kowane gida ta shiga ba.

Makon jiya Anti Dakata ta yi ritaya. Ba taro, ba ko na gode. An ce za a kwashe kwamfutocin, wai yanzu kowa na da waya. Wa zai tsaya a ƙeyar yaranmu in suna kan waya?

Anti Dakata, ke ce kika ɗauki zagi kika hana mutane faɗawa rami, katangar da ba a gani sai ta faɗi. Ke ce kika zauna kusa da yarinya ranar da nata suka ja da baya. Na gode, Allah ya saka miki, ya tsare naki.

Ku kuma iyaye irina, ranar da ɗanku ya kawo muku irin wannan saƙo, ku ja kujera ku karanta tare kafin labari ya fita ƙofa. Tawa ’yar ta koma makaranta, amma gidan gwaggonta har yau ba ta taka ba.