Alkamar Kawu Sabi'u a Tsakiyar Tumatir

A wannan watan Kawu Sabi'u, ƙanin mahaifiyata, ya cika shekara bakwai da rasuwa. Har yanzu in na sauka daga mota a Bunkure na bi bakin kanal ɗin ban-ruwa zuwa gonarsa, idona kan nemi wani abu mai ruwan zinare yana kaɗawa a tsakiyar koren tumatir. Alkamarsa ce. Lokacin da manoman rani na yankinmu suka watsar da alkama suka koma tumatir da albasa, shi kaɗai ya ƙi.

Ba zan ce na fahimci dalilinsa gaba ɗaya ba. Abokansa sun sha tuna masa cewa in ka je gari ka ga kowa da wutsiya, kai ma nemi taka ka ɗaura. Sai ya yi murmushi ya ci gaba da ban-ruwa. Wani lokaci yakan ce don alkakin matarsa, Inna Rabi, yake yi. Wani lokaci kuma ya ce yana son ƙarar da zangarniya ke yi in iska ta bi ta kanta.

Shekarar da na gama jami'a na same shi a bakin kanal, na ce masa Turawa na da karin magana a kan irinsa: swim against the tide, wato mutum ya shiga ruwa ya yi iyo yana fuskantar inda ruwan ke tahowa. Suna faɗarta ga wanda ya ƙi bin inda jama'a suka karkata.

Ya ce, "To ɗan boko, yabo ne ko zagi?"

Na ce ya danganta da mai faɗa, kuma wataƙila da yadda mai iyon ya ƙare, ko ya haye ko ruwa ya tafi da shi.

Ya yi dariya har ya dafa fartanya. "Kai ko tambayarka aka yi ko wuta na ƙuna, cewa za ka yi ya danganta."

Ina yawan tunanin abin da zai ce da ya ga yau. Injinan casar shinkafa sun cika garin Kura, samari na jin farashin kwandon tumatir ta wayar salula tun suna gona. Ina jin zai yi sha'awar wayar, ko da yake ban tabbata ba. Abin da na sani shi ne zai fara tambayar irin alkamarsa.

Irin yana nan cikin tulu a ɗakin Inna Rabi, gauraye da toka saboda ƙwari, yadda yake ajiyewa. Ɗansa Nasiru, taubashina, ya riƙa shuka ɗan kaɗan bayan rasuwar, sannan ya bari. Iri kuwa in ya daɗe bai ga ƙasa ba, mutuwa yake yi a cikin tulu ba tare da kowa ya sani ba. Bana Nasiru ya ce gonar duka tumatir zai zuba, kuma ban ga laifinsa ba, shi ke da iyali a wuya, sarkin yawa kuma ya fi sarkin ƙarfi.

Na daɗe ina juya maganar kafin na roƙe shi fangali biyu a ƙarshen gona. Ya dube ni sama da ƙasa, ni malamin makaranta, ya ce hannun alli ne zai riƙe fartanya? Amma ya ba ni, har ya buɗe mini ruwa da kansa.

Kawu bai bar gida na siminti ba, bai bar suna a kasuwa ba. Abin da ya bari bai wuce cikin tulu ba, shi ma ban san nawa ne ke da sauran rai a ciki ba. Na shuka shi ranar Juma'ar da ta wuce. Allah ya jiƙan Kawu, ya sa ya huta. Jiya Nasiru ya kira ni a waya, bai ko gaishe ni ba, ya ce in zo in kore tsuntsaye daga gonata, wani abu ya fara huda ƙasa.