Tsabar Zinariyar Wuyan Nilamma

Shekara hamsin Irappa Pattar ya yi yana ƙirar zinariya a garin Anegundi, kuma ban taɓa jin wanda ya ce yana da sauƙin kai ba. Idan ruwan damina ya wanke gonaki, manoma kan tsinci waraha, 'yan tsabar zinariyar sarakunan tsohuwar daular Bijayanagara, waɗanda mutane suka binne sa'ad da aka ci birninsu na tsallaken kogi da yaƙi. Sai su kawo masa ya huda, matansu su rataya.

"In huda? Hancin bijiminka ne?" haka yake ce musu. "Sarki ya buga sunansa a nan tun kakan kakanka bai iya ɗaura zane ba."

Siririn zobe yake kewaye tsabar da shi, ya yi mata marataya. Bai taɓa huda ko ɗaya ba, balle narkarwa. Mai gaggawa sai ya kama hanyar garin Gangawati, can akwai marasa kunya.

Mahaifinsa ma ya taɓa tono guda a gindin katanga. Ita Irappa ya sa a jikin tali, sarƙar auren da ya ɗaura wa matarsa Nilamma. Gaban tsabar hoton abin bautarsu ne da matarsa a zaune, bayanta sunan sarki layi uku.

"Wai ni ka aura ko sarkin nan naka?" Nilamma kan zolaye shi. Amma ko sau ɗaya ba ta cire ba. Tana gasa gurasar dawa, tana wanki a kogi, da zarar wani abu ya dame ta sai hannu ya kai wuya, ta yi ta murza tsabar da babban yatsa. Shekara arba'in da ɗaya ana haka.

Ranar da ta rasu, mata suka kwance talin kafin a ɗauki gawa, suka miƙa masa a ƙulle cikin tsumma. Ya jefa a akwati bai buɗe ba. Bai yi kuka ba. In an ajiye abinci ya ci, in ka tambaye shi me ya ci bai sani ba.

Bayan wata bakwai aka sa ranar auren ɗansa Maunesh. Kalamma, ƙanwar Irappa, ta zo da shirin rigima.

"Yaya, ka san al'adar gidanmu. Zinariyar uwa ake narkarwa a yi wa amarya tali. Kada ka fara mini zancen sarakunanka."

"To," in ji shi.

"To kawai?"

"To."

Da safe ya hura garwashi, ya ɗora ɗan kasko, ya kwance tsumman. Ya ɓalle zoben da ya yi da hannunsa yana saurayi. Ya sa gilashi a ido don ya karanta sunan sarkin karo na ƙarshe.

Babu suna. Ya juya ta, babu abin bautar, babu matarsa. Sumul take, da ɗan lotsawa a tsakiya daidai babban yatsa. Kusan shekara ɗari biyar a cikin ƙasa ba su taɓa rubutun ba, Nilamma ta cinye shi tas da damuwar gidansa, shi kuwa yana nan yana karanta tsabar matan wasu.

Ya daɗe a zaune har garwashin ya fara yin toka. Can ya kai hannu ya cire 'yan kunnensa biyu, waɗanda ke kunnensa tun yana goye, ya jefa a kaskon.

Kalamma ta leƙo da kofin shayi. "Ta narke da kyau?"

"Ta narke."

"Ina 'yan kunnenka, Yaya?"

"Sun ishe ni."

Ta harare shi, ta ajiye shayin ta fita. Ya lalubi ƙasan akwatin kayan aiki ya ciro tsinken huda, duk ya yi tsatsa. Ya ɗora tsabar a kan katako ya huda ta a gefe, nesa da gurbin yatsan. Ya zura baƙin zare, ya rataya a wuyansa, ya tura ta cikin riga.