Alƙalamin Roba da Hannun Ummi

Ina shekara goma sha ɗaya Kawu Sani ya kawo min tsarabar wani alƙalami wanda ba ya shan tawada. Zaren roba ake zura masa ta baya, a jona shi da lantarki, robar ta narke ta fito ta baki, ta daskare a tsaye. Da shi na yi 'yar kujera da ɗan kwando. Doka ɗaya Abba ya kafa min: kada in kunna shi kusa da ƙanwata Ummi, mai shekara uku.

Na kunna. Ta kawo hannu, bakin alƙalamin ya saɓule mata fatar tafi. Da aka tambaye ni, na ce kurfotin gawayin Kaka ta taɓa.

Kaka, mahaifiyar Abba, ita ke hura gawayi a tsakar gidanmu na unguwar Abakpa bayan magariba, tana gasa mana masara tana yi mana tatsuniya. Abba bai ɗaga mata murya ba. Ya dai ce, "Inna, daga gobe a haƙura da wutar nan." Ta ce, "To." Ko kallona ba ta yi ba.

Ranar muka zauna kamar kullum, Ummi na kan cinyar Kaka, hannu a naɗe.

"Wata yarinya ce ta tsinci kara a bakin kogi," in ji Kaka. "Duk abin da ta zana da shi sai ya miƙe."

Ta zana ƙwarya, ta sha fura. Ta zana akuya, akuya ta yi kuka. Ran nan don wasa ta zana kunama, kunamar ta harbi ɗan maƙwabta. Yarinya ta ce daga bukkar wata tsohuwa kunamar ta fito. Mutanen gari suka ɗauko wuta, suka nufi bukkar.

Nan Kaka ta dakata, tana juya masara.

"Sai aka yi yaya?" in ji yayana Bashir.

"Tsufa, ɗan nan. Ƙarshen ya ɓace min. Ko a cikinku akwai wanda ya sani?"

 Na kalli garwashi, sannan na tashi na je wurin Abba. Na ce, "Abba, ba kurfoti ba ne. Ni ce."

Na zaci duka. Sai ya tashi, ya wuce ni, ya durƙusa gaban Kaka a kan idonmu, ya ce, "Inna, ki yafe min." Da ma dukan ya yi.

Sai bayan rasuwar Kaka Ummanmu ta gaya min cewa ita Kakar ce ta wanke ciwon tun farko, kuma da hannunta ta cire ɓurɓushin shuɗiyar roba daga ciki. Tana da shaida, ta zaɓi ta ɗauki laifin har in furta da bakina. Yanzu ina koyarwa a firamare. In na gane yaro ya yi min ƙarya, harshena kan yi ƙaiƙayin tona shi nan take. Wani lokacin nakan iya jira. Sau da yawa ba na iyawa, kuma a nan nake sanin abin da shirun nan ya ci wa Kaka.