Kawu Isiyaka da Rijiyar Layinmu

Duk wanda ya taɓa miƙa wa Kawu Isiyaka ruwa a Zongo ya san abin da ke biyo baya. Sai ya ɗaga kofin wajen haske, ya karkace kai, ya shinshina, sannan ya ce, "Daga ina ya taso?" Sai ka ce baƙo ne ya sauka a tasha! Ƙanen mahaifiyata ne, a gidansa na tashi, amma wallahi har ya rasu ban gama gane shi ba.

Ya daɗe yana koyar da kimiyya a lakwal, makarantar boko, shi ya sa kowa ke ce masa Mushe, wato malamin makaranta, kafin ya koma wajen masu awon tsabtar ruwan famfo. Aiki ya canza, darasi bai tsaya ba. Ranar da muka je unguwar Sainte-Rita nema wa yayana aure, aka kawo ruwan maraba. Ya shinshina, ya ce a nuna masa randa. Muna zaune muna zufa, shi yana tsakar gida, hannu cikin randar surukai. Da ya dawo, uban yarinya ya ce, "To Mushe, me ke tafe da ku?" Ya ce, "Alhaji, randarku na son wanki." Sai da na taka masa ƙafa ya tuna da aure. Kuma aka ba mu! Har yau ban san ta yaya ba.

Sai shekarar da aka buɗe siyasa, jam'iyyu suka fito kamar 'yan zemijan masu hayar babur a mahaɗar hanya, kowa na cewa dimokuraɗiyya, ba wanda ya san inda aka dosa. Wani ɗan takara ya zo Zongo, ya ce yanzu baki ya buɗe, kowa ya yi tambaya. Kawu ya miƙe.

"Ranka ya daɗe, idan salga tana manne da rijiya, wacce za a fara rufewa?"

Can wani direba ya yi ihu, "Salga tsohuwar gwamnati ce!" Tafi ya ɓarke. Wani ya ce a'a, rijiyar ce baitulmali. Ɗan takara ya share gumi ya ce, "Dattijo, wannan magana tana da zurfi."

"Ba ta da zurfi! Shi ne matsalar!"

Aka ɗaga Kawu a kafaɗa, yana ta ihu, "Rijiyar bayan gidan Hajiya Kubura nake nufi!" Ba mai ji. Washegari jam'iyyu biyu suka zo roƙon ya zama shugabansu na unguwa.

Da damina ta sauka, ruwa ya kwanta a layinmu, amai da gudawa suka fara kwantar da yara a maƙwabta. Kawu bai jira kowa ba, ya sa wa rijiyar murfi da kwaɗo. Hajiya Kubura mai koko, wadda duk sana'arta da ruwan take yi, ta fito da ludayi a hannu.

"Mushe, rijiyar ubanka ce? An ce yanzu 'yanci!"

"Hajiya, ƙwayoyin cuta ma sun ji sanarwar."

"To a yi zaɓe!"

Aka kuwa yi, a ƙofar gida, da ɗaga hannu. Kawu ya sha ƙasa, ko matarsa Inna Rabi ba ta ɗaga masa ba. Ya ce ya amince da sakamako, ya taya Hajiya murna, ya jefa makulli a aljihu ya tafi aiki. Muka tsaya muna kallon juna. To wa ya ci?

Amma kullum da safe, har damina ta wuce, shi ke turo baro cike da jarkokin ruwan famfo daga gidansa zuwa ƙofar Hajiya, da rigar aiki a jikinsa, tana zaginsa tana karɓa. Shekarar nan ba a fita da gawar yaro ko ɗaya daga layinmu ba.

Ranar da ya rasu, Hajiya Kubura ta fi mu kuka, tana ta cewa, "Mutumin nan ba ya jin magana." Allah ya jiƙan Kawu Isiyaka, ya sanyaya makwancinsa, ya saka masa alherin da ya yi mana muna yi masa tsiya. Amin.