Nong Tibo da Tsohuwar da Ke Maƙogwaronsa

Shekara goma sha ɗaya na yi ina karanta labarai a ɗan gidan rediyon garinmu, a saman kantin shinkafa, kusa da tashar jiragen masunta a kudancin tsibirin Panay. Duk cikinmu babu wanda ya yi tashe kamar Tiburcio Galvez, wanda muke kira Nong Tibo, amma ba da muryarsa ya yi tashen ba.

Ƙato ne, gashin baki kamar tsintsiya. Aikinsa karanta farashin kifi da cigiyar dabbobi. Ran nan naƙuda ta kama Merly, mai shirin ba da shawara na hantsi, ana dab da farawa. Manaja ya rasa inda zai sa kansa. Nong Tibo ya ja kujera, ya matse hanci, sai ga muryar wata tsohuwa mai tsiwa:

"Jikokina, kakarku Lola Pasing ce. Duk wadda mijinta ya wuni wurin faɗan zakaru, ta matso kusa da rediyo."

Mu dai muna bayan gilashi muna riƙe ciki don dariya. Kafin mako ya zagayo wasiƙu sun cika kwando. Wata ta rubuto cewa saurayinta kyakkyawa ne, aiki ne kawai ba shi da shi. Lola ta ce, "'Yar nan, sa kyawun a tukunya mu gani ko zai nuna." Da Merly ta dawo, da kanta ta ce ta bar wa tsohuwa kujera, ta koma shirin waƙoƙi.

A shekara ta huɗu sai ga wani dattijon masunci, Tay Gorio, ya hawo benenmu da hantsi, riga ta sha guga, kaza a hammata, bokitin ƙaguwa a hannu. Matarsa ta daɗe da rasuwa.

"Inday," ya ce da ni, kamar yadda ake kiran mata a wajenmu, "kira mini Pasing. Aure na zo nema."

Ana cikin haka sai Nong Tibo ya fito yana cin dafaffiyar ayaba. Ya dubi kazar, ya dubi tsohon, ya ajiye ayabar.

"Tay, zauna. Ni ne Pasing."

"Kai ɗanta ne?"

Nong Tibo ya matse hanci ya gaishe shi. Tay Gorio ya ƙura masa ido. Can ya ce, "Shekara huɗu ina aske gemu kafin in kunna rediyo. Saboda wannan gardin!"

"Ka yafe mini, Tay."

"Yafe me? Ai ni na tsira. Mace mai wannan baki, da ta kashe ni." Ya share ido, ya ƙara da cewa, "Amma gidan zai yi shiru."

Wannan maganar ta tsaya wa Nong Tibo a rai. Washegari ya aika aka ɗauko tsohon, ya zaunar da shi gaban makirfo. Lola ta ce, "Ga wani tsoho ya zo zawarci da kaza ramammiya."

"Ramammiya?" in ji Tay Gorio. "Ke da ko haƙorin cinta ba ki da shi!"

Shekara shida suka yi suna wannan faɗa kowace Asabar, gari na tashi da dariya. Tay Gorio bai taɓa tona asirin ba, ko ga 'ya'yansa.

Yanzu Nong Tibo ya yi ritaya, yana kiwon agwagi a bayan gida. Watan jiya na kai masa ziyara, na roƙe shi ya yi mini muryar. Ya gwada, tari ya sarƙe shi. Matarsa, Manang Soling, ta leƙo daga kicin ta ce, "Ƙyale shi, Inday. Yanzu da ya tsufa da gaske, tsohuwar ta gudu ta bar shi."